Gemu Ba Ya Hana Ilimi, To Ina Iyakar Malam?

Duk wanda ya zaga cikin Sabo bayan sallar Isha'i, ko da hantsin Asabar da Lahadi, ya san karatun manya ya zauna da gindinsa a unguwar nan. Ga matan aure da zawarawa sun nufi Islamiyya, jaka a rataye, wata da goyo. Ga 'yan kasuwa a zauren malam an baje Ahalari da Ishmawi, waɗanda suka yi nisa suna Risala. Ga 'yan ajin dare da suka rantse sai sun iya boko, don sun gaji da miƙa wa yaro waya ya karanta musu saƙon banki. Ga kuma samari da 'yan mata a shagon tela da wurin gyaran waya da garejin kanikawa. Goro da shanu ne suka kawo kakanninmu da aka yanka wa wannan wuri a 1916, ga shi yau jikokinsu har da masu furfura suna riƙe da alƙalami. Alhamdu lillahi.

Sai dai akwai wata magana da muke yawan ji duk lokacin da aka yi ƙus-ƙus a kan wani malami da ɗalibarsa, ko wani oga da yaron shagonsa. Sai wani ya kaɗa baki ya ce, "To ai ba yara ba ne. Kowa ya mallaki hankalinsa. In ba ta so, wa ya ɗaure ta?" Da an faɗi haka sai a yi shiru, kamar an kashe bakin zance. Mu kuwa a ganinmu a nan ne ma zancen ya fara.

Akwai gaskiya a cikin maganar, kada a ce mun ƙi ta. Matar da ta haifi 'ya'ya biyar ba 'yar firamare ba ce, kuma cin fuska ne a riƙa yi mata kallon wadda ba ta san abin da take yi ba. Mutumin da ke juya miliyoyi a bakin titin canji ba wanda zai koya masa wayo. Amma balaga daban, daidaito daban. Mutum biyu za su iya zama baligai, ɗaya kuma yana riƙe da wuyan ɗaya. Fasinja da direba duk manya ne, amma sitiyari a hannun mutum guda yake. Malami yana riƙe da abin da ɗalibi ya zo nema, kuma shi kaɗai ke cewa an samu ko ba a samu ba. Shi ke ba da maki, shi ke cewa a ƙara gaba ko a maimaita, shi ke sa sunan mutum cikin masu saukar bana, shi ke sa hannu a takardar shaida. Saboda haka in malami ya nemi wani abu wajen ɗalibinsa, ko rance ne, ko aike, ko soyayya, ba a tsayawa a kan cewa ɗalibin ya amsa. Abin dubawa shi ne, da ya ce a'a, zai iya dawowa gobe ya zauna a inda ya saba zama, a koya masa kamar yadda ake koya masa jiya? In ba zai iya ba, to amsawar tasa ba yarda ba ce, neman tsira ne. Kuma malam ya san haka, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Ba nesa da mu aka ga misalin wannan ba. A 2018 muryar wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta karaɗe wayoyin mutane, yana ciniki da ɗalibarsa a kan ya gyara mata maki ta biya da jikinta. Ɗalibar ba yarinya ba ce, karatun gaba da digiri take yi. Jami'ar ta kore shi, hukumar ICPC ta maka shi a Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo, a watan Disamba na shekarar aka ɗaure shi shekara biyu. A watan Oktoba na 2019 kuma BBC ta fito da wani bincike da aka ɗauka a ɓoye a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana, aka ga manyan malamai suna yi wa 'yan jaridar da suka ɗauka ɗalibai ne irin maganganun da baki ba zai maimaita ba. Bayan haka, a watan Yuli na 2020, Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙuduri kan wannan ta'asa a manyan makarantu. Abin da ya fi jan hankalinmu a cikinsa shi ne, an ce malami ba zai kare kansa da cewa ɗalibar ta yarda ba. Kariyar da aka bar masa ita ce a ce matarsa ce ta aure. Wato masu dokar sun gane abin da 'yan "ai ba yara ba ne" suka kasa ganewa.

Mun san abin da wani zai ce: wannan ai 'yan boko ne, mu namu malaman masu tsoron Allah ne. Galibinsu haka suke, mun shaida, kuma da yawansu suna karantarwa shekara da shekaru ba wanda ya taɓa jin kansu da kowa. Amma a tuna, ɗaya daga cikin waɗanda binciken BBC ya tona fasto ne a cocinsa. Rigar addini ba ta hana zuciya raya wa mai ita abu, ko wace irin riga ce. Hasali ma abin da malamin zaure ko na Islamiyya yake riƙe da shi ya fi na farfesa nauyi. Farfesa maki kawai yake da shi. Namu malamin yana da albarka, ana tsoron bakinsa, ana ganin saɓa masa kamar saɓa wa karatun ne kansa. Kuma farfesa yana da hukumar jami'a a kansa, malamin gwamnati yana da hukumar rajistar malamai ta TRCN da aka kafa tun 1993, mai ƙa'idojin aiki a rubuce. Makarantar da ke bayan layinmu fa? Sau da yawa malam shi ne mai makaranta, shi ne hedimasta, shi ne ma'aji, shi ne kuma wanda za a kai wa ƙara.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba game da babban mutum mai neman ilimi shi ne kunya. Yaro ba ya jin nauyin cewa bai sani ba, rashin sani aikinsa ne. Amma a ce Alhaji, mai gidan baƙi da yara goma a ƙarƙashinsa, ya durƙusa gaban saurayin da ya haifa ya ce, "Allah gafarta Malam, ni fa Fatihar tawa ce nake so a duba mini," wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya tuɓe rawaninsa ke nan ya ajiye a hannun malam. Haka matar da za ta tambayi hukuncin jinin da ya rikice mata, ko ta ce maigida ya furta kaza cikin fushi, shin auren yana nan? Ba don tana sha'awar ba da labarin ɗakinta ta faɗa ba, dole ce ta sa, don ba ta da inda za ta kai tambayar. Duk abin da ya shiga kunnen malam ta wannan hanya ajiya ce, kamar kuɗin da fatake ke bar wa mai gida a nan Sabo su tafi Arewa su dawo su tarar da abinsu cif. Unguwar nan da amana aka gina ta, ba takarda ba shaida, kuma kowa ya san mai gidan da ya taɓa ajiyar baƙo ya gama ciniki.

To me za a ce da malamin da ke ɗaukar tambayar da aka yi masa a asirce ya mai da ita misali a wa'azi? Zai ce ai bai kama suna ba. A Kano wataƙila wannan ya wadatar. A Sabo kuwa, inda in ka ce "wata mata mai kishiya biyu da mijinta ke fataucin albasa" kafin ka rufe baki an san gidan, rashin kama suna ba kariya ba ne. Akwai wanda ke kai labarin gida ya ba matarsa, daga nan kuma sai gidan biki. Mafi muni shi ne wanda ke mai da abin da ya sani tsani. Ya san aurenta na tangal-tangal, don ita ta faɗa masa da bakinta tana neman fatawa, sai tausayi ya yi yawa, sai nasiha ta koma "ke kam ba ki dace da miji ba." Ba sai ya taɓa ta ba, ya riga ya ci amana tun daga nan. Malamai sun san hadisin da ya yi tir da mai hure wa mace kunne a kan mijinta, su ne ma suke karantar da shi.

Sai batun hidima da kyauta, wanda ya fi wuyar sha'ani, don a nan al'ada da son zuciya suke cakuɗewa har a rasa na kamawa. Mun taso mun tarar ana yi wa malam hidima: a ɗauki buzunsa, a share zaurensa, a kai masa kuɗin Laraba da goron Sallah. Duk wanda ya zauna a zaure ya ji Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji, da yadda ya jaddada girmama malami, kada a yi tafiya a gabansa, kada a zauna a mazauninsa. Wannan ladabi ne mai kyau, ba ma fatan ya gushe. Amma abin mamaki, littattafan da suka yi magana kan ɗaya ɓangaren ba su cika zuwa gabanmu ba. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, ɗan mai Mudawwana, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, yana da ɗan littafi kan ladubban malamai. A ciki ya hana malami aiken yara biyan buƙatun kansa, ya kuma hana shi ɗora musu kawo kyauta bayan ladan da aka yi yarjejeniya a kai. Imamu Gazali ma, a farkon Ihya'u, ya jera wa malami nasa wajiban, har da kada ya karantar don neman sakayya ko godiya daga ɗalibi. Malaman farko ba su bar igiyar a hannu ɗaya ba.

Bambancin a wajenmu a fili yake. Hidimar da ɗalibi ya ɗora wa kansa don ƙauna daban, wadda aka ɗora masa don ba shi da bakin ƙi daban. Kuma akwai ma'auni mai sauƙi da muka samu daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a labarin ma'aikacin da ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka yi masa. Sai aka nuna masa cewa da a gidan iyayensa ya zauna, ai da ya ga ko kyautar za ta zo. Malamin da ɗaliba ta kawo wa shadda ana saura mako biyu a fitar da sunayen masu sauka, ya tambayi kansa wannan tambayar. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Ranar da za a ce wance ba ta kai ba, harshensa zai yi nauyi, sai a yaye mace da takardar sauka alhali ba ta raba dal da zal ba, ita kuma wadda ba ta da abin shadda ta maimaita shekara.

Rance ya fi kyauta haɗari. Kyauta an san ta tafi, rance kuwa yana nan tsakani kamar ƙaya. Ɗalibi ba zai iya zuwa ya ce "Malam, kuɗina fa?" ba, sai dai ya yi ta haɗiya, daga baya ya daina zuwa karatu don kada ya ga fuskar da ke tuna masa. Haka malamin da ke tara kuɗin ɗalibai da sunan adashi ko jarin wata harka mai riba. Ko da niyyarsa fara ce tas, ba kasuwancinsa suka duba suka ba shi ba, rawaninsa suka duba. In kuɗi suka nutse, da karatun da mutuncin duk sun bi su.

Kada kuma a ɗauka kullum malam ne mai ƙarfi. A karatun manya sau da yawa ɗalibin ya fi malamin shekaru da kuɗi da faɗa a ji. Alhajin da ke biyan hayar ɗakin malam, wa zai iya ce masa karatunsa na jiya bai yi ba? Hajiyar da ta saya wa makaranta tabarmi da fanka, wa zai hana ta zama a sahun gaba ko da ba ta kawo hadda ba? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan ma keta iyaka ne, daga ɗaya gefen. Kuma tushensa abu ne da kowa ya sani: abin da ake biyan malaman Islamiyya bai taka kara ya karya ba, wani ma sai wata ya shuɗe bai ga ko sisi ba. Mutumin da aka bar shi da yunwa, aka kuma ce kada ya miƙa hannu, an haɗa shi da jarrabawar da ba kowa ke ci ba. Duk mai son malam ya kame, to ya fara da biyan kuɗin wata a kan lokaci, a hannun kwamiti, da rasit.

Yaranmu masu koyon sana'a nasu ya fi fitowa fili. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ya je koyon gyaran mota, shekara ta farko ta ƙare a wankin motar oga da kai 'ya'yan oga makaranta da sayo wa madam kayan miya a Bodija. In ya yi magana a ce ba shi da ladabi, a ja masa ranar firidom. Ba ogannin Yarbawa kaɗai ba, namu telolin da masu gyaran waya ma sun iya wannan. Yaron ba zai tafi ba, don ya riga ya zuba shekara biyu, kuma ba takarda sai oga ya ga dama. A rubuta tun ranar farko, shekara nawa, me za a koya, nawa za a biya, a gaban shaidu daga ɓangarorin biyu. Maƙwabtanmu sun daɗe suna yin yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce, ba abin kunya ba ne a yi koyi da su.

Waya kuwa ta zo ta rushe katangar da magabata suka sha wahalar ginawa. Da, in namiji zai yi magana da matar wani sai ya yi sallama a ƙofar gida, yaro ya shiga ya fito. Yanzu ga shi a cikin ɗakinta ƙarfe goma sha ɗayan dare, ta WhatsApp, da sunan gyaran hadda. Yau "an yi muraja'a kuwa?", gobe "ya gajiya?", jibi "na ga ba ki da walwala yau a aji." Ba wanda ya shirya ɓarna, da kaɗan-kaɗan take shigowa, kuma kowane saƙo in aka ɗauke shi shi kaɗai ba a ganin aibunsa. Duk mun san haramcin keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba, kuma hikimar hanin ba ta tsaya a bango huɗu ba. Karatu a yi shi a zauren ajin da kowa ke gani. Tambayar da ta zama ta sirri ta bi ta hannun malama. Saƙon da malam ba zai so matarsa ko mijin ɗalibar su karanta ba, bai kamata ya fita daga wayarsa ba.

Yanzu ga mai wuyar. Malam ya ga bazawara ko budurwa a ajinsa, ta kwanta masa, kuma aure yake nufi, ba wasa ba. Haramun ne? A'a. Ba mai haramta abin da Allah ya halatta, kuma a unguwar nan akwai gidajen da aka kafa ta haka, suna zaune lafiya da 'ya'ya da jikoki. Amma halaccin aure bai wanke kowace hanyar da aka bi aka kai gare shi ba. Matar nan karatu ta zo yi. Iyayenta ko 'yan'uwanta da suka bar ta ta fito, makaranta suka sallama wa ita, ba zance ba. In malam ya mai da aji wurin zaɓe, yana duba fuska yana auna murya, to kowace mace a ajin ta koma abin kallo ba da saninta ba, har da waɗanda bai ce yana so ba. Kuma ita wadda aka zaɓa, a ce ba ta so. Yaya za ta yi? Ta ce wa Malam a'a, sannan gobe ta zauna a gabansa ta biya hadda? Yawanci ba ta cewa komai. Sai dai a ga ta daina zuwa, a ce ai wance ba ta da naci. Shi ya rasa amarya, ita ta rasa karatu, kuma ba ita ta jawo ba.

Abin da muke gani ya dace shi ne, malamin da ya ji zuciyarsa ta karkata ya fara cire kansa daga kan ta. Ya miƙa ajin ga wani, ko a mai da ita hannun wata malama ba tare da an rage mata komai ba. Sannan ya aika manya wajen waliyyinta, kamar kowane mai nema, ba ya tare ta a bakin ƙofar aji ko ya fara da saƙon dare ba. In an ce a'a, magana ta mutu a nan, kada ta ga canjin fuska, kada sunanta ya ɓace daga jerin masu sauka. Malamin da ya ga ba zai iya wannan ba, to ya haƙura har ta gama. Wanda kuwa duk shekara sai ya ɗauki amarya daga aji ya saki ta bara, wannan kam ba sai mun ce komai ba, jama'a sun riga sun ba shi suna.

Akwai malaman da za su karanta wannan ransu ya sosu, su ce ana zarginsu ne, ana mai da su kuraye. Damuwarsu tana da tushe. Ƙazafi gaskiya ne yana faruwa, kuma malami ba shi da jarin da ya wuce sunansa, in aka ɓata shi ko an wanke shi tabon ba ya fita. Amma ƙofa a buɗe ai shi ta fi karewa. A tuna daren da Manzon Allah yake i'itikafi, ya fito raka matarsa Safiyya, wasu Ansaru biyu suka gan su suka ƙara sauri, sai ya tsai da su ya shaida musu ko wace ce. Wanda ba a taɓa zarginsa ba ke nan, bai ce darajarsa ta wadatar ba, ya toshe ƙofar zato da kansa. To wane malami ne zai ce tagar ajinsa a buɗe raini ce gare shi?

Wasu kuma daga ɗaya gefen za su ce maganin abin a hana matan fita, kowa ya huta. Wannan tsohuwar magana ce, an yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ita tun yana yawon wa'azi. Wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya aika masa da waƙa yana neman ya hana mata halartar majalisinsa, Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya ba da amsa, kuma amsar ita ce barin mata cikin jahilci ya fi abin da ake gudu muni. Ba su kori matan ba, tsari suka yi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kai abin gaba da tsarin 'Yan Taru. Ta horar da jajis, dattawan mata amintattu, ta naɗa musu malfa, su ke zuwa su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka. Mata suna koyar da mata. Yau a Sabo muna da matan da suka sauke, da masu shaidar koyarwa, da waɗanda suka yi Jami'ar Ibadan. Me ya hana a ce kowane ajin matan aure yana da malama, ko ita ke koyarwa ko tana zaune?

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo baya in ɓarnar ta auku. Zaman baƙunta yana sa mutane son rufa asiri, kuma an san dalili. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ya san yadda ƙaramar magana ke zama gobara, kuma ba mai son a ba maƙiya abin faɗa a kan Hausawa ko a kan makarantun addini. Sai dattawa su taru, a kira malam a yi masa faɗa a ɗaki, a ce wa matar ta yi haƙuri ta bar wa Allah, wani ma ya ƙara da cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari. Malam ya koma ajinsa, ko ya tattara ya buɗe wata makarantar a Ojoo ko Shagamu inda ba a san shi ba. Amma labari ba ya ɓuya a Sabo. Magidanta su ji a majalisa, kowa ya koma gida ya ce daga yau ba Islamiyya. Mutum ɗaya ya yi laifi, mata talatin sun rasa karatu, shi kuma ko gezau. Asirin wa aka rufa ke nan?

Rufin asiri yana da muhallinsa, wato laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Wanda aka ba amanar mutane yana cutar su, ɓoye shi miƙa masa na gaba ne. Ba muna cewa a yi ta tallata mutane a Facebook ba, wannan ma wata ɓarnar ce, kuma matar ce za ta fi shan kunya. A bincika a natse, a ji kowane ɓangare, in ta tabbata a raba shi da aji, a kuma sanar da duk makarantar da ya nufa. In abin ya kai ga laifin da doka ta hukunta, kamar fyaɗe ko cin kuɗin mutane, ba hurumin zaure ba ne, na hukuma ne.

Kafin a kai nan ma, sai an samu wanda za a faɗa wa. Matar aure ba za ta iya tsayawa gaban kwamitin maza bakwai, ciki har da abokin mijinta da surukin malam, ta ce ga saƙon da aka turo mata da dare ba. Tsoronta na farko ma kada mijin ya ji ya ce ita ta ba da fuska. Kowace makarantar manya a unguwar nan tana buƙatar dattijuwa guda ko biyu, waɗanda ba matan malam ba ne ba kuma 'yan'uwansa ba, da aka sanar da sunansu a gaban aji tun ranar da aka buɗe rajista, aka kuma ba su kujera a kwamiti da bakin magana. Shugabannin makarantu da masu unguwanni za su iya zama a kan wannan kafin a ɗauki sababbin ɗalibai bayan Sallah.